Murja da Saƙon Makiyayan Rogo Ruma

Shekara tara Murja Ɗanmaliki ta yi tana buga takardu a wani shago kusa da tashar motar Karaye. Takardar neman aiki, katin suna, cike fom a intanet, duk wajenta ake zuwa. Mahaifinta mutumin Unguwar Hajji ne, mahaifiyarta kuwa Bafulatanar Rogo Ruma, don haka Fulatanci a bakinta yake kamar Hausa. Difloma ta yi a fannin kwamfuta, daga nan ba ta ci gaba ba. Gajeriya ce mai saurin magana, ga kafiya tun tana yarinya.

Cikin masu kawo mata aiki har da kawunta Sulle, shugaban wata ƙungiyar makiyaya. Akwai wata cibiyar agaji a Kano da ke ba su maganin dabbobi, amma ba ta sakin magani sai rahoton cuta ya shiga rajistarta ta intanet. Makiyaya sukan faɗa wa Sulle, shi kuma ya sa a rubuta a takarda, ranar kasuwa ya kawo wa Murja ta shigar.

Wata damina ciwon huhu ya faɗa wa garken Sulle. Rahoton ya kwana biyar a aljihunsa kafin ranar kasuwa ta zagayo. Da ya iso shagon, bayan sun gaisa, ta tambayi gida da shanu, sai ya miƙa mata takardar.

"Shanu uku ke tari, Kawu?"

"Gyara, 'yar nan. Ukun sun mutu. Yanzu tara ne."

Ta shigar da rahoton. Tun daga ranar abin ya tsaya mata a rai: makiyayan nan kusan kowa yana da waya, me zai sa saƙonsu ya jira ranar kasuwa, ya jira ta?

Ta shiga bincike. Ta gano rajistar cibiyar tana da wata ƙofa da ake kira API, inda wata manhaja za ta iya miƙa bayani ba sai mutum ya zauna ya buga ba. Ta kuma gano kamfanonin tura saƙon tes suna da abin da ake kira webhuk: da zarar saƙo ya shigo lambarka, sai kamfanin ya cilla shi nan take zuwa adireshin intanet da ka ba shi. Abin da ya rage shi ne ƙaramar manhajar da za ta tsaya a tsakani, ta karɓa daga nan ta miƙa can. Sai dai ƙofar ba ta buɗuwa sai da mabuɗin sirri, mabuɗin kuwa yana hannun Injiniya Kabir, mai kula da rajistar.

Ta kira shi, ta gaishe shi da ladabi, ta yi masa bayani. Ya yi dariya.

"Malama, wannan fa ba buga katin biki ba ne. Kuma mutanen naku da wane Turancin za su rubuto?"

"Ba Turanci za su rubuto ba, Injiniya. Da harshensu za su rubuto."

"To rajista ba ta jin Fulatanci."

"Ni ina ji. Mabuɗin kawai nake nema."

Ya ce zai duba. Sati biyu shiru. Sai Murja ta rufe shago, ta hau bas zuwa Kano, ta zauna a bencin ofishin cibiyar tun hantsi. Aka ce shugabar, Hajiya Nusaiba, tana taro. Ta ce za ta jira. Sai bayan la'asar aka shigar da ita, ta fito da izinin a ba ta mabuɗin gwaji.

Sati shida ta yi tana aikin, tsakanin azahar da la'asar lokacin da shago ke yin tsit. Ranakun Lahadi kuwa sai ta hau babur ta bi rugage da littafi, tana tambayar dattawa da mata yadda suke kiran tari, zawo, ɗingishi da kumburin wuya, da Hausa da Fulatanci. Waɗannan kalmomin ta koya wa manhajar, ta yadda makiyayi zai rubuta sunan rugarsa, yawan dabbobi, da abin da ya gani, shi ke nan.

Ranar gwaji Sulle ya turo saƙo daga ruga. Murja na kallon allon kwamfuta ta ga ya shiga rajista. Ta yi kabbara har mai shayin da ke gefe ya leƙo. Sai ta ga ya sake shiga. Ya sake. Kafin ta ankara saƙo ɗaya ya shiga sau ashirin da uku.

Wayarta ta yi ƙara. Injiniya Kabir ne, ko sallama babu.

"Ai na faɗa! Kin cika mana rajista da shara. Na rufe mabuɗin."

"Laifina ne, kuma zan gyara."

"Ba a rajistata ba."

Kwana uku ta yi tana bin aikinta layi-layi kafin ta gano matsalar. Manhajarta tana karɓar saƙo, amma ba ta amsa wa kamfanin cewa ya iso, shi kuma kamfanin yana zaton ya ɓata a hanya, sai ya yi ta sake turowa. Ta sa manhajar ta riƙa amsawa tun kafin komai, ta kuma riƙa duba lambar kowane saƙo don kada ta shigar da shi sau biyu. Ta tura wa Injiniya bayani. Mabuɗin dai ya ci gaba da zama a rufe.

Bayan wata guda cibiyar ta zo taro da makiyaya a Karaye. Ba a gayyaci Murja ba. Ta rataya kwamfutarta ta tafi. Da aka zo lokacin tambayoyi ta miƙe.

"Hajiya, ranki ya daɗe, na yi kuskure sau ɗaya, na gyara. A buɗe mini minti goma a gaban jama'a. In ya sake lalacewa, ba za ku ƙara ganina ba."

Injiniya ya fara cewa ƙa'ida ba ta yarda ba. Sulle ya katse shi a hankali.

"Malam, shanu goma sha ɗaya na binne ina jiran ƙa'ida. A bar yarinya ta gwada."

Hajiya Nusaiba ta dubi Injiniya ta ce a buɗe. Makiyaya takwas suka tura saƙo daga inda suke zaune, wasu da Hausa, wasu da Fulatanci. Rahoto takwas suka fito a rajista, babu ƙari babu ragi. Injiniya ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaye ta yadda ta yi da kalmomin da ake rubutawa iri-iri. Ta juya masa kwamfutar ta nuna masa.

A makon da ya biyo baya wata mata ta turo rahoton tumaki masu zawo da safe, washegari magani ya isa rugarsu. Yanzu rugage arba'in da wani abu ke amfani da lambar tura saƙon. Murja tana nan a shagonta. Abin da ke gabanta shi ne saƙon murya, saboda tsofaffin da ba sa rubutu. Sau huɗu tana gwadawa yana ƙi, ta ce ranar Asabar za ta sake.