Akwati Mai Murfi

A shekarar 2017 na samu gadon kwana a wani gidan haya a unguwar Al Muraqqabat, can ƙasar Larabawa, ɗaki ɗaya da wani dattijo mutumin Kano, mai sayen takalma a kasuwar Naif yana turawa gida. Alhaji kowa ke kiransa. Da sunansa aka kama gidan, don haka shi ke cewa wane ya zauna, wane ya tattara.

Ni kuma ina da wata sabga da nake ɓoyewa. Wani abokin aikina ya koya mini wasan yaƙi na kan tebur, da 'yan mayaƙan roba da dodanni, kowanne bai wuce babban yatsa ba. Wasan bai karɓe ni ba, kullum ni ake ci. Gyaran mayaƙan ne ya shiga raina. In sa reza in fille hular ƙarfe, in murza wani gam mai kama da cingam in yi wa mayaƙi riga da rawani, sannan in bi shi da fenti. Iyalina suna gida, kewa tana cina, wannan aikin kaɗai ke kwantar mini da hankali.

Wata Juma'a Alhaji ya dawo da wuri, ya iske su jere a bakin taga suna bushewa.

"Subhanallahi! Malam, gumaka ka kawo mini ɗakin da nake salla?"

Na shiga kame-kame. Ya ce kalas, magana ta ƙare, zuwa ƙarshen wata ko su fita ko mu fita tare. Raina ya ɓaci matuƙa. Ga shi ba ni da wurin zuwa, ga shi hannuna ya ƙi zubar da su.

Bayan kwana biyu yana shan shayi, sai na ga yana hararar wanda ke hannuna.

"Wannan wane irin shuɗi ne kamar bokitin wanka?"

"Launin baban rini ne, Alhaji."

Ya ajiye kofin. Ashe mahaifinsa marini ne, a bakin rijiyar rini ya tashi.

"Kada ka ƙara zagin baba a gabana. Wa ya ce maka laftawa ake yi? Tsomawa ake yi, a fitar ya sha iska, a sake tsomawa. Sirka shi da ruwa."

Na tsinka fentin har ya zama kamar ruwan shayi, na shafa. Ya ce in jira. Na sake shafawa, ya ce saura. Sai a shafa ta takwas ya yi shiru. Rigar ta yi duhu mai sheƙi, kowace ninki ta fito ɓaro-ɓaro, abin da na shekara ina nema ban samu ba. Bai taɓa mayaƙin ko da farce ba, kuma bai janye maganar ƙarshen wata ba.

Ranar talatin ga wata na haɗa jakata. Da la'asar ya shigo yana haki, rungume da akwatin katako. Wani kafinta ya sa ya haɗa shi a unguwar Ras Al Khor da ragowar katakon kaya, har da 'yan kantoci a ciki da murfi.

"Har gobe ban ce abin nan ya yi mini ba," in ji shi. "Amma in an kira salla ka rufe. Yalla, maza kwance jakar nan, ta tare mini hanya."

Na kwance jakar, na jera mayaƙan a cikin akwatin.

Shekara huɗu muka yi a haka. Lokacin kullen korona, da kasuwa ta tsaya, shi ne mai duba mini launi, kuma ban taɓa jin ya yaba ba sai dai ya ce, "To, wannan ya rage muni." A 2021 ciwon gwiwa ya mayar da shi Kano gaba ɗaya.

Yanzu ɗakina ni kaɗai ne, babu mai ce mini komai. Amma ladan na ɗaga murya, sai hannuna ya kai kan murfin nan, kuma in na idar, Alhaji nake fara yi wa addu'a.