Bututun da Ya Raba Mijina da Yayana

Shekaru sun tura, na manta abubuwa da yawa na zamanmu a unguwar Tandabawi ta Makka, amma rigimar bututun nan tana nan daram a raina.

Mijina da yayana maƙera ne, tare suka ratso Sudan har Makka, maƙera ɗaya suke aiki. Idan aikin Hajji ya gabato, turakun tanti suke ƙerawa ba ji ba gani. Damuwarsu ita ce bututun da ke kai iskar zugazugi cikin wuta. Na yumɓu fashewa yake yi, na ƙarfe kuma bakinsa ya cinye. Sai suka sa ƙaramin bututu cikin babba, ruwa na zagayawa a tsakani yana sanyaya shi. Wuta ta riƙa ci fari fat, bututu bai ƙara lalacewa ba.

Lafiya lau ake zaune, sai wani ɗan kwangila ya gani, ya ce yana so a yi wa maƙeransa irinsa, ya tambayi wanda ya ƙirƙiro shi don su yi magana. Kowannensu ya ce shi ne. Mijina ya ce daga lagireton mota ya ɗauko dabarar. Yayana ya ce dabara a baki ba komai ba ce, hannunsa ne ya haɗa bututun har ya daina yoyo.

Aka kai magana gaban wani dattijo ɗan Sakkwato da ke sasanta mutanenmu. Ni ma aka kira ni, tunda ni ke kai musu abinci. Daga bayan labule na ce, “Baba, na ji wannan yana faɗa, na ga wancan yana yi. Ban san inda na ɗaya ya ƙare na ɗayan ya fara ba.” Babu wanda ya ji daɗin maganata.

Dattijon na cikin lallashi sai yayana ya miƙe ya ce, “Halas, mu haɗu a mahkama,” wato shi ke nan, sai a kotu.

Yayana yana da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, mijina ba shi da ita. Kowa ya san idan ya taka ƙofar kotu, jirgin ruwan Jidda mai mayar da baƙi gida ne makomarsa, ni da ’ya’yana kuma sai yadda Allah ya yi. Mijina ya dube shi ya ce, “Na bar maka.” Ya ɗauki takalmansa ya fita.

A makon nan muka koma unguwar Utaibiyya. Yayana bai je kotu ba, bai kuma yi wa ɗan kwangilar aikin ba. Daga baya ya rantse mini cewa bai ma tuna da zancen takarda ba sa’ad da ya yi furucin. Na yarda da shi, amma mijina bai taɓa yarda ba. Suna gaisawa a Harami da wajen jana’iza, sai dai har suka koma ga Allah ba su sake zama gaban wuta ɗaya ba.

Har yau ban san wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba. Abin da na koya shi ne, idan kana jayayya da wanda ƙafarsa ba ta kai taka ƙarfi a ƙasa ba, ka auna kowace kalma. Kai kana zancen haƙƙinka, shi kuwa rayuwarsa ya ji ka taɓa.