Wayoyin unguwarmu a ƙarƙashin busasshen kifi

Shekarun baya, lokacin da aka katse layukan waya a Maiduguri saboda rikici, na taɓa zama ɗan aiken unguwa guda. Abin da ya tuna min shi ne musun da na ga kuna ta tafkawa a nan tun jiya, wai ko gwamnati na da hurumin leƙa saƙonnin mutane, wasu kuma na cewa ko kuɗinsu ba za su ƙara turawa ta waya ba. Bari in ba ku nawa.

A Limanti muke zaune. Waya ta zama fitila kawai, sai dai ka haska hanya da ita. In kana son ɗan'uwanka na nesa ya san kana raye, sai ka bar jihar gaba ɗaya, ka nausa har wajen Azare kafin ka ga sabis. Ba kowa ke iya wannan tafiya ba, don haka mutane suka ɓullo da dabara: kowa ya rubuta saƙonsa ya ajiye a cikin wayarsa, in an ji mai tafiya sai a haɗa masa wayoyin, ya je ya kunna su ɗaya bayan ɗaya ya tura, ya jira amsa, ya dawo da su.

Da mahaifiyata, wadda muke kira Ya, ta ji zan bi motar kifi, kafin azahar unguwa ta sani. Wayoyi suka taru a tabarmarta, har da ta maƙwabcinmu ɗan Ibo mai shagon kayan gyaran mota a Gamboru. Don kar a rikita ta wane da ta wane, Ya ta ɗaura wa kowace zare mai launi daban. Don kar ɓarayi su gani kuma, ta naɗe su a zani ta cusa ƙarƙashin busasshen kifi a buhu. Ni da nake taƙamar ina jami'a, wallahi har yaba mata na yi.

A wani shingen sojoji bayan gari aka sauke mu. Wani soja ya zazzage buhun, zanin ya warware, wayoyi suka zube a ƙasa, kowace da zarenta yana reto. A wancan zamanin kuwa, da waya ake tayar da bam. Sai a sannan na ga abin da idon soja yake gani. Fasinjoji suka ja baya, direba ya kau da kai kamar bai taɓa ganina ba. Aka ce in durƙusa in ɗora hannu a ka. Duk mun san saurayin da aka saka a motarsu ba lallai ya dawo ba. Turancin da nake ji da shi ya gudu, Hausar ma Barbarci ta riƙa komawa.

Wani babbansu mai furfura a gemu ya zo ya tsuguna. Daga harshensa na gane mutumin Sakkwato ne. Ya ce, "Yaro, na wa ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na unguwarmu ne. Saƙo zan kai."

Ya ɗauki mai jan zare, ta mahaifiyata ce, ya kunna ya karanta da ƙarfi. Yayata da ke karatu a Zariya ta sa aka rubuta wa: muna lafiya, kar ki kuskura ki zo, ga lambar katin waya ki sayar ki sayi sabulu, ƙaninki ya rame amma cinsa na nan. Wani soja ya tuntsire da dariya. Ina durƙushe, tsoro bai hana ni jin kunya ba.

Bai tsaya nan ba. Ya bi su duka. Ya karanta na tsohuwar da ke sanar da ɗanta rasuwar mahaifinsa, ya karanta na amaryar da ta rubuta abin da miji kaɗai ya kamata ya ji. Na maƙwabcinmu sai da ya kira wani ya fassara masa. Da ya gama sai ya ce in tashi in kakkaɓe gwiwata.

Ina tattara kayana sai ya matso, ya zaro tasa wayar daga aljihu. Ya ce shi ma tun da aka katse layi bai ji ɗuriyar gidansa ba, kuma ya baro matarsa da tsohon ciki. Ya tsinko zare daga bakin rigarsa ya ɗaura wa wayar, ya miƙo min.

A Azare na zauna gindin bishiya na tura saƙonnin duka. Amsoshi suka fara shigowa. Tasa ma ta yi ƙara. Ba zan ɓoye muku ba, yatsana ya yi ƙaiƙayi, na ce ai shi ma ya karanta namu. Amma na kashe ta na mayar aljihu.

Da na dawo na same shi a shingen. Ya karɓa, ya ga saƙon na nan a rufe. Ya buɗe, ya karanta, ya zauna a kan buhun yashi ya ce, "Mace ce. Duk suna lafiya." Can ya ɗago ya dube ni.

"Ba ka buɗe ba?"

Na ce, "Ba nawa ba ne, ranka ya daɗe."

Har yau ba na son kowa ya leƙa min waya, kuma har yau ina jin ciwon yadda aka karanta sirrin amaryar nan a gaban ƙarti. Amma da mutumin nan bai tsuguna ya karanta ba, da ban kai ga rubuta muku wannan ba. Kullum ina gode wa Allah da ya haɗa ni da shi, ina kuma yi wa 'yarsa addu'a, ko da yake ban san sunanta ba.

Ranar da na mayar masa da wayarsa, motarmu ta fara tafiya ke nan ya biyo ta da sauri, ya buga tagar da nake. Ya ce, "In ka isa gida, ka gaida babarka. Ka ce mata na karanta wasiƙarta ba da izininta ba, ta yafe min."