Hannun Tarakta a Kan Ciyawa

Satin da Odessa Mabry ta koma aiki bayan rasuwar mijinta, tukunyar miya ta suɓuce mata a tsakiyar ɗakin cin abincin 'yan wasa. Hannunta ne kawai ya saki, ita ma ba ta san yadda aka yi ba. Miya ta malale har ƙarƙashin tebura, shugaban kicin ya fito yana zare ido. Sai wani ƙato ya miƙe daga teburin ƙarshe.

"Ni na bangaje ta," in ji shi. "Kun san ba na ganin abin da bai kai kafaɗata ba."

Aka fashe da dariya. Ya karɓi tsumma ya durƙusa yana goge ƙasa, alhali ko kusa da ita bai zo ba.

Cornelius Pettway ke nan, wanda abokansa ke kira Tarakta. Mutumin jihar Alabama ne a Amurka, ɗan direban motar katako, ƙwallon Amurka ce, wadda ake ɗauka a hannu, ta kawo shi wannan gari mai sanyi na bakin tafki tun yana saurayi. Bai taɓa cin maki ko ɗaya ba, ba kuma aikinsa ba ne. Yana cikin ƙatti biyar da ke durƙusawa a gaba, hannu ɗaya a ƙasa. Idan jifa za a yi, su ja da baya su tsare mai jifa. Idan gudu za a yi, su afka wa 'yan tsaron abokan hamayya su tsaga su, mai gudu ya rungume ƙwallo ya bi ta tsagar. Shekaru da dama, duk mai gudun da aka kawo kulob ɗin, abu na farko da ake gaya masa shi ne ya bi bayan Tarakta.

Odessa ba ta san wasan sosai ba. Marigayi ne mai kallo, ita tana gefe tana guga. Amma ta san mutane ta wajen ci. Ta san Cornelius yana son burodin masara da ya ɗan ƙone a gefe, yana kuma sunkuyar da kai ya yi godiya kafin ya ɗauki cokali, ko ana tsokanarsa. Ita ce ta fara lura, a kakar wasan nan da ake magana, cewa ya daina tashi daga kujera kai tsaye. Sai ya dafa tebur tukuna, ya ɗan jira, kamar mai sauraren wani abu a cikin gwiwarsa ta hagu.

A kakar ne gudu ya mutu wa kulob ɗin. A ba mai gudunsu Dontrell ƙwallo, yaro ne mai sauri kamar barewa, kafin ya yi taku biyu an danne shi. Lahadi bayan Lahadi haka. Rediyon kicin ba shi da zance sai wannan. Wani ya bugo waya ya ce yaron matsoraci ne, wani ya ce a kori Koci Hrabik, mai horar da ƙattin gaba, wani kuma ya ce kakarsa ma da sandarta za ta fi su cin yadi, wato nisan da ake yi da ƙwallo.

A tebur ma ba a bar Dontrell ba.

"Dontrell, jiya yadi nawa ka yi? Na ƙirga da hannu ɗaya har yatsu suka rage."

"Ku buɗe mini ƙofa mana! Ƙatti biyar kamar firji, ko ɓera ba zai wuce ta tsakaninku ba."

"Mama Odessa, ki rage wa yaron nan kaza. Wanda bai yi tafiya ba ba ya jin yunwa."

Kowa ya yi dariya, ban da Cornelius.

Wata safiya ta zo buɗe kicin ta same shi a lungun da ake ajiye kwandunan dankali. Ya durƙusa irin na fili, yatsunsa a kan siminti, yana kallon kansa a jikin ƙofar firji mai sheƙi. Ya tashi, ya sake durƙusawa.

"Ɗana, ibada ce ko ciwo?"

"Mama, zo ki gani. Wannan da wannan, ɗaya ne?"

Ya yi mata sau biyu. Ta duba da kyau, don ba ta iya ƙarya ba.

"Na farko ka danne hannun, har yatsun sun lanƙwashe. Na biyu ka ɗora shi ne kawai."

Ya zauna a kan kwando. "To shi ke nan. Idan ke kin gani, su sun daɗe da gani."

Nan ya yi mata bayani. Tun suna yara ake koya musu durƙuso iri ɗaya, ko gudu ko jifa, don kada na gabanka ya karanta ka. Amma gwiwar ta daina tura shi. In zai afka gaba, dole ya zuba nauyinsa a hannu tun kafin a fara, ya ɗaga diddige, don ya samu abin tashi. 'Yan tsaro kuwa bidiyo suke kallo duk mako. Da sun ga hannun Tarakta ya nutse a ciyawa sai su yi ihu, "Gudu ne! Ta hagu!" su taru a wurin su jira Dontrell.

"Koci ya sani?"

"Shi ya nuna mini. Ya ce in gyara. Kamar takalmi ne."

Ya gwada, ba a ce bai gwada ba. Lahadin da ta biyo ya sassauta hannun kowane lokaci. Ba wanda ya karanta shi, amma ya makara tashi, wani saurayi ya tura shi baya har ya faɗa kan Dontrell. Ta gaba ya danne hannun kowane lokaci, har a jifa. Sai ya kasa ja da baya da wuri, aka wuce shi aka maka mai jifa da ƙasa, filin gaba ɗaya ya ɗauki ihu. Likita ya yi wa gwiwar allura, ya zuƙe ruwa, ya ɗaure. Koci Hrabik ya juya gudun zuwa dama, aka tare su a can ma, don kowa ya gane dalilin juyin.

Odessa ta sa sunansa a addu'ar Laraba a coci. Ta dafa masa romon ƙashi irin na mahaifiyarta. Ta daina kunna rediyo in ya shigo. Iyakar abin da ke hannunta ke nan, ta kuma sani.

Abin da ya fi cin sa shi ne Dontrell. An fara cewa za a zaunar da yaron a benci. Rannan Dontrell ya ajiye faranti kusa da shi ya ce, "Baba, kar ka damu, ni dai bayanka zan bi, ko rami ka shiga." Cornelius ya kalle shi, ya ture burodinsa gefe, ya fita. Ta taga Odessa ta hango shi yana hawa matakalar ofishin koci, yana ɗaukar ƙafar hagu da hannun wando. Abin da ya faɗa a can ba ta ji ba. Ta dai ga ran Lahadi wani sabon yaro ne ya durƙusa a wurinsa, shi kuma yana tsaye a gefe da hular sanyi, hular ƙarfensa a rataye a yatsa.

Gudun bai gyaru sosai ba. Sabon yaron yana da gwiwa, amma bai san wanda zai tare ba. An dai bar Dontrell a wurinsa.

Ran Talata wani ma'aikacin ofis ya shigo ɗakin abinci ya tsaya a kan Cornelius. "Koci na son ganinka. Ka taho da kwamfutar dabaru." Duk ɗan wasa ya san ma'anar a ce ya taho da ita: sallama ce. Wani ya ajiye cokali a hankali.

Da ya sauko, kayansa a cikin baƙar leda, sai ya biyo ta ƙofar bayan kicin. Odessa ta naɗe masa burodin masara, bai ƙi ba.

"Alabama za ka?"

"Ban sani ba, Mama. Wakilina ya ce in bar waya a kunne, wai akwai kulob ɗin da mutanensu suka ji ciwo." Ya yi dariya kaɗan. "Kuma wallahi in suka kira zan tafi. Da gwiwar nan. In sake jawo wa ɗan wani wahala."

"Zan ci gaba da yi maka addu'a, ɗana. Ubangiji ya buɗe maka wata ƙofa."

Ya tsaya da ledar a kafaɗa, iska tana shigowa daga tafki.

"A'a, Mama Odessa, ba wannan ba. Kada ki roƙa a kira ni. Ki roƙa mini in daina jiran kiran."