Mai Guga da 'Yarsa Cokali

Duk wanda ya taɓa kai kaya shagon da ke bakin kwana, gefen mai cajin waya, ya san Mai Guga. Dogo ne siriri, ya ɗan ranƙwafa saboda shekarun da ya kwashe a kan tebur. Ba shi da yawan magana. Idan ka miƙa masa riga sai ya ɗaga ta ya duba wuya da hammata, ya laluba aljihu ya miƙo maka abin da ka manta a ciki, sannan ya ce ka dawo jibi. Kaf layin babu wanda zai ce ya taɓa ƙone masa kaya.

Ɗakinsu yana bayan shagon, ƙofa ɗaya ce tsakani, a gidan haya mai famfo guda. Auren so suka yi da matarsa. Ita ce mai surutu da dariya, shi kuwa nasa sauraro. Takan zauna a bakin ƙofar tana ninke masa kaya tana kwaikwayon tafiyar masu kawo wanki, har sai ya ajiye dutsen guga ya riƙe ciki. Haihuwarsu ta fari namiji ne. Bai daɗe a duniya ba zazzaɓi ya kama shi, ya cika a hannun uban cikin motar haya, kafin su kai ƙofar asibiti. Mai Guga bai yi kuka a gaban kowa ba. Da aka share makoki ya buɗe shago ya ci gaba da aiki, mutane suna yaba haƙurinsa.

Ciki na biyu bai kai lokacinsa ba. Tana tsakiyar shanya naƙuda ta taso mata, aka haifi 'ya mace bakwaini, aka sa ta a kwalba a asibiti. Ranar da ya fara leƙa ta ta gilashi, sai ya ga ƙanƙantarta. Cinyarta ba ta fi babban yatsansa kauri ba, fatarta kamar za a ga abin da ke ciki, ga siririn tiyo a hanci. Ya juya ya fita waje. A ransa ya riga ya gama yanke cewa wannan ma baƙuwa ce, ba za ta zauna ba.

Amma ta zauna. Bayan makonni aka cire tiyon, aka sallame su. Nas ɗin da ta raka su bakin ƙofa ta tsayar da shi ta ce, "Malam, kai ma ka saurara, aikin ba na uwa kaɗai ba ne. Yarinyar nan ba ta da ƙarfin tsotsa sosai. Za a riƙa tatsa ana ba ta da ɗan kofi, kaɗan-kaɗan, akai-akai. Kuma tana son ɗumin jiki. Idan uwar ta gaji, ka buɗe rigarka ka kwantar da ita a ƙirjinka." Ya ce to, idonsa yana kan takalminsa.

A gida aka ga ainihin aikin. Idan aka sa mata nono sai ta kama, ta ja sau ɗaya sau biyu, ta saki ta yi barci, numfashinta na fita da sauri kamar wadda ta yi gudu. Uwar ta sosa mata tafin ƙafa, ta shafa mata kunci, ta buɗe ido ta sake lumshewa. Sai a koma kan kofi. A tafasa shi, a bari ya huce, uwar ta zauna a gefen gado ta tatsa tana cije leɓe don ciwo, ta tallabe kan yarinyar ta ɗora kofin a leɓenta ta jira ta lasa da kanta. Rabi ya shiga, rabi ya gangaro ta gefen baki ya jiƙa wuya. Wani lokacin bayan duk wannan wahala sai ta yi tumbuɗi, a dawo farko. Kafin a wanke kofi a shanya tsumma, lokacin wani ba da nonon ya yi.

Maƙwabciyarsu mai kitso ce ta lura yarinyar ta fi karɓa idan aka ɗiba da ƙaramin cokali. "To ga 'yar gayu," in ji ta, "tun yanzu ba ta cin abinci sai da cokali." Daga ranar sunan ya bi ta, kowa a gidan Cokali yake ce mata.

Yayar Mai Guga ta zo dubiya ta kwana biyu, ta ƙare wa uwar kallo ta ce, "Anya nonon nan yana da kyau kuwa? Ki jiƙa mata sukari a ruwa mana, ko ta ji ƙarfi." Uwar ta ce a asibiti an hana. Yaya ta taɓe baki ta ce su da suka raini yara har suka aurar ba su san komai ba ke nan. Matar ta dubi mijinta tana jiran ya sa baki. Ya miƙe ya ce ya bar garwashi a dutsen guga.

Ba wai bai yi komai ba. Duk tsummokaran yarinyar shi yake wankewa, ya shanya a rana, ya goge su ɗaya bayan ɗaya ya jera kamar kayan ango. Shi yake ɗebo ruwa, shi yake zuwa kasuwa, shi yake tsayar da mota ranar awo. Abu ɗaya ne ba ya yi: ba ya taɓa ta. Idan ya shigo ɗakin sai ya bi ta jikin bango.

Wata rana da hantsi matar ta leƙo shago, idonta ya faɗa, gashinta a tsefe tun makon jiya. Ta ce, "Maigida, don Allah zo ka riƙe min ita in watsa ruwa. Ba sai ka ba ta komai ba, riƙewa kawai."

Ya ce, "Kayan mutane ne a gabana, yanzu za a zo karɓa. Ki kira mai kitso."

"Mai kitso ce ta haife ta?"

Ya ci gaba da guga. Ta matso ta rage murya. "Na san abin da kake tsoro. Amma wancan yaron ni ma nawa ne, ni na haife shi. Ni ma kullum da tsoro nake ɗaukar wannan. Wa ya ba ni zaɓi?"

Maganar tana bakinsa. Yana so ya ce mata har yanzu yana jin yadda nauyin yaron ya sauya a hannunsa a cikin motar nan, kuma idan ya dubi Cokali abin da yake gani ke nan. Sai kawai ya yayyafa wa rigar da ke gabansa ruwa ya ɗora dutse. Ta tsaya kaɗan, ta koma ciki.

Ba a yi mako ba aka ji ihunta da rana tsaka. Yarinyar ta ƙware tana shan nono, ta daina kuka, leɓenta ya yi duhu. Mai Guga ya banko ƙofa da rigar wani a hannu. Matar ta miƙo masa ita tana cewa, "Karɓe ta! Ka yi wani abu!" Ƙafarsa ta kafe a bakin ƙofa, hannunsa ya ƙi ɗagowa. Mai kitso ce ta ture shi ta wuce, da mataji a gashinta, ta kifa yarinyar a kan hannunta ta bubbuga mata baya har ta yi tari ta tsala kuka. Shi ya ruga ya nemo mota. A asibiti aka duba aka ce babu abin da ya same ta, a dai riƙa ɗaga mata kai, kada a yi gaggawa. Daga ranar matar ba ta sake roƙonsa ya riƙe yarinyar ba.

Sannu a hankali Cokali ta yi ƙarfi. Ta fara kama nono ta daɗe, wuyanta ya tsaya, kumatu suka fito. Ranar da mai awo ta ce ta kamo sa'o'inta, uwar ta dawo gida ta wuce ta gaban shago kai tsaye zuwa ɗakin mai kitso, can aka yi shewar. Shi daga bakin mai cajin waya ya ji labari.

Sai da yarinyar ta fara rarrafe ya ɗauke ta karo na farko. Ita ce ma ta rarrafo shago ta kama ƙafar wandonsa. Ya sunkuya ya ɗaga ta. Ta dube shi, ta kwaɓe fuska, ta miƙa hannu wajen uwarta. Matar ta karɓe ta.

Ba su rabu ba, ba su ma taɓa yin faɗan da maƙwabta za su ji ba. Ta ci gaba da dafa masa abinci, tana gaishe shi da safe, tana yi masa sannu da aiki. Amma ba ta sake zama a bakin ƙofar shagon ba. Ya sha shirya maganar da zai yi mata, yana guga yana maimaitawa a ransa, idan ya shiga ɗaki ya ga ta juya baya tana wani aiki sai ya ce gobe. Da shekaru suka taru sai ya ga kamar tayar da zancen zai zama fama tsohon ciwo, ya bar shi.

Cokali ta girma lafiya, doguwa kamarsa, mai surutu kamar uwarta a da. Kayan makarantarta sun fi na kowa tsayuwa a ajinsu. Tana girmama shi, tana durƙusawa ta gaishe shi, amma ciwon kai ko abin dariya, duk wajen uwarta take kai su. Yanzu tana aure a wani gari mai nisa. Takan kira a waya ƙarshen mako, sau da yawa wayarsa take samu don ta uwar ba ta riƙe caji. Ta tambaye shi jiki, ta tambaye shi aiki, ya ce lafiya lau, ya fara neman abin da zai ƙara. Kafin ya samo sai ta ce, "To Baba, Mama na kusa?" Ya ce tana kusa, ya tura ƙofa ya miƙa mata, ya dawo kan teburinsa yana jiyo dariyarsu ta bango.