Amanar Dokin Lyman Cargile

Orval Steckler maƙerin dawaki ne a gabashin Montana, tsakanin kogin Powder da garin Ekalaka. Sana'arsa ya bi gidajen makiyaya a tsohuwar a-kori-kurarsa, ya yanke kofato, ya lanƙwasa takalmin ƙarfe a kan uwar maƙera, ya buga ƙusa. A sunkuye ya tsufa ƙarƙashin dawakin mutane, har bayansa ya daina miƙewa ko a coci. Wanda ya san shi a ƙarshen rayuwarsa zai zaci haka Allah ya halicce shi, mutum mai ɗaurarriyar fuska wanda ko fito ba ya yi. Alhali kuwa da ba haka yake ba. Akwai zamanin da tun daga nesa ake gane motarsa, saboda waƙar da take tashi daga cikinta, kuma kullum muryar mutum ɗaya ce, Lyman Cargile.

Shi Lyman makiyayi ne kafin ya zama mawaƙi, kuma bai bar kiwo ba bayan ya zama. Da jita ɗaya yake waƙa, da murya mai kaushi kamar ƙofar rumbu. Yakan yi waƙar maruƙan da suka daskare a cikin uwayensu, da rijiyar da ta ƙafe, da matar da ta gaji da iskar fili ta koma birni. Orval yana saurayi ya fara jin sa a rediyo, a ɗakin kwanan masu kiwo, yana cire takalmi. Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu har waƙar ta ƙare. Daga ranar bai ƙara sauraron wani da zuciya ɗaya ba.

Da shekaru suka ja, Lyman ya gaji da yawon dandali, ya dawo ya zauna a wani ɗan fili bakin kogi da 'yan shanunsa da doki guda, aharas, wato mai jan gashi, mai farin goshi. Ya sa masa suna Amos, sunan wani kawunsa mai taurin kai. Allah cikin ikonsa sai ya zamana Orval ne mai yi wa dokin takalmi. Shekara da shekaru yana zuwa gidan, yana shan gahawa a bakin shinge, bai taɓa buɗe baki ya ce wa tsohon waƙoƙinsa sun yi masa wani abu ba. Mazan wannan ƙasa ba su yabon mutum a gaban idonsa. Iyakar abin da ya taɓa cewa shi ne, "Ƙafar dokin nan tana da kyau." Lyman ya ce, "Ta fi fuskarka." Orval ya riƙe wannan magana kamar an ba shi lambar girma.

A ƙarshen wani rani, Lyman yana jera damman ciyawa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aka kai shi gidan kula da tsofaffi a Miles City, aka sayar da shanun. Dokin kuwa babu mai so, domin ya tsufa ƙwarai, turamen haƙoransa sun ƙare, ciyawa yake taunawa ya tofar da ita dunƙule. Orval ya ɗauko shi ya sake shi a makiyayar bayan gidansa.

To, mutanen nan suna da wata al'ada da ba su wasa da ita. Dokin da ya yi wa mutum bauta har haƙoransa suka ƙare, ba a barin sanyi ya kashe shi, ba a kuma tura shi mahauta. Kafin ƙanƙarar farko ta sauka, mai shi zai ja shi zuwa tudu, ya cire masa takalma, ya ba shi hatsi ya ci ya ƙoshi, sa'an nan ya harbe shi da hannunsa, harsashi ɗaya a goshi. Idan mai dokin ya kasa, sai ya zaɓi mutum guda ya ɗora masa. A wurinsu wannan zaɓi ya fi wasiyyar dukiya nauyi.

Da ganyen bakin kogi ya fara yin ja, sai Orval ya je duba tsohon. Ya tarar da shi a keken marasa lafiya, an aske masa gashin baki, hannun da yake kaɗa jita yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Maganarsa tana fita da gefen baki, sai an kasa kunne.

Tsohon ya ce, "Yaro, har yanzu kana tafiya kamar mai neman allurar da ta faɗi?"

Orval ya haura sittin a lokacin. Ya ce, "Dawakin irinku ne suka mayar da ni haka. Wa ya yi maka wannan aika-aika a fuska?"

"Wata yarinya mai reza. Ta ce miya tana maƙalewa." Ya tattara numfashi. "Yaya Amos?"

"Yana nan. Ya ciji matata Nadine a kafaɗa."

"Madalla, da sauransa." Sai idonsa ya koma kan mataccen hannun. "Sanyi ya kusa. Ka ga dai yadda nake. Kai za ka yi mini."

Orval ya juya hularsa a hannu. Ya ce, "To."

"Kada ka bari ya ga bindigar. Yana da wayo, ɗan banzan. Ka yanko mini gashin wutsiyarsa in riƙe."

"To."

Ya fito daga gidan ƙirjinsa cike da abu biyu, alfahari da tsoro, bai san wanda ya fi yawa ba.

Ranar da ya zaɓa rana ce mai kyau, babu iska, hasken kaka ya kwanta a kan ciyawa. Ya ja dokin zuwa tudu, ya ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya ya zare ƙusoshin, ya zuba masa jiƙaƙƙen hatsi a bokiti. Dokin ya ci, ya ɗago kai, ya goga goshinsa a ƙirjin Orval yana neman ƙari. Orval ya dube shi. A kan wannan gadon baya aka tsara rabin waƙoƙin da suka raka shi tsawon rayuwa. Muryar ta riga ta tafi, filin ya tafi, shanun sun tafi. Abin da ya rage yana numfashi daga wancan zamani shi ne wannan dabba, ga shi kuwa da sauran tsoka a jikinsa. Zuciya ta ce masa, ina laifin shekara ɗaya? Ita zuciya ta iya sa wa son kai rigar tausayi, har mai ita ya kasa gane shi. Ya zaro wuƙa, ya yanki gashin wutsiya, ya janyo dokin suka gangaro tare.

Nadine matarsa tana shanya a tsakar gida. Ta dubi dokin, ta dubi bindigar da ke rataye a kafaɗarsa.

Ta ce, "Ban ji ƙara ba. Ko kunnena ne ya mutu?"

"Zan riƙe shi. Zan riƙa jiƙa masa dusa."

"Ka riƙe shi? Orval, dokinka ne?"

"Dubi jikinsa. Zai kai bazara."

"Ni jikinka nake dubawa, tsohon banza. Ubana ya yi wa dawakinsa, kai ma ka yi wa naka, ban ga hannunka ya yi rawa ba. Sai na mawaƙi? Me za ka ce wa mutumin?"

Ya shiga rumfa ya zauna, ya tufka gashin ya zama 'yar igiya mai kyau, ya ɗaure bakinta da jan zare.

Da ya kai wa Lyman, tsohon ya karɓa da hannun hagu, ya shinshina.

Can ya ce, "Ya ji zafi?"

"Bai ji komai ba. Bakinsa cike da hatsi."

"Haka nake so in tafi ni ma." Ya yi 'yar dariya da rabin fuska. "Na san wanda na zaɓa, yaro."

Wannan ne yabon da Orval ya yi shekaru yana ƙishirwarsa, ga shi ya zo a kan ƙarya.

Sanyi ya shigo. Orval ya yi wa dokin hidimar da bai yi wa 'ya'yansa ba. Safe da yamma yana jiƙa dusa da ruwan ɗumi, ya lulluɓe shi da bargo, ya fasa ƙanƙarar kwamin ruwa da gatari. Har aka shiga sabuwar shekara dokin yana tsaye. Orval ya fara cewa Nadine, "Ina masu cewa ba zai kai ba?" Ita kuwa ta ce, "Ba a yabon sanyi sai ya wuce."

Amos dokin fili ne, bai saba da ɗakin da aka killace shi ba, kullum yana dukan katako da ƙafa. Sai aka wayi gari da iskar nan mai ɗumi da takan sauko daga duwatsu a tsakiyar sanyi, ƙanƙara ta fara narkewa, ruwa yana ɗiga daga rufi. Orval ya ji tausayinsa, ya buɗe masa ƙofa ya sha iska, shi kuma ya tafi aiki wani gida mai nisa a hayin kogi. Kafin la'asar iska ta juya. Abin da ya narke ya daskare ya zama kamar gilashi, guguwar ƙanƙara ta biyo baya ta toshe hanya. Orval ya maƙale a gidan mutane. Nadine ta fita da igiya ɗaure a ƙugunta tana kiran dokin, ba ta iya ganin ko hannunta, dole ta koma.

Sai da motar share hanya ta wuce Orval ya iso gida, washegari da hantsi. Hankaki ne suka nuna masa wurin. Dokin ya gangara neman mafaka a bakin rafi, santsi ya kwashe shi, ƙugunsa ya karye. Ƙanƙarar da ke kewaye da shi duk ta tone, ta cakuɗe da jini da laka, alamar ya yi ta yunƙurin tashi yana faɗuwa. Dilolin daji sun riga sun fara masa ta baya. Kuma yana da rai. Da ya ji takun mutum sai ya ɗaga kai kaɗan, ya yi wannan ƙaramin gurnani da yakan yi in ya hango bokitin dusa.

A wannan karon bai ɓoye bindigar ba, babu lokacin haka.

Da ya dawo gida, Nadine ba ta yi masa gori ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ajiye masa gahawa ta ce, "Abin da ya faru ya faru. Kada ka je ka gaya masa. Tsohon nan kwanansa ya kusa, ka bar shi ya tafi da abin da ya sani."

Ya ce, "Dokinsa ne."

"Sai yanzu ka tuna?"

Ya yi kwanaki yana juya maganar. Nadine tana da gaskiyarta, domin ba kowace gaskiya ce mai jinya yake iya ɗauka ba. Amma Orval ya ga cewa in ya yi shiru, ya sake yanke hukunci a kan abin da ba nasa ba, ya sake kiran sa tausayi. Ko ya yi daidai ko ya ƙara zalunci a kan zalunci, Allah ne masani. Ya dai tafi.

Ya tarar da Lyman ya rame, idanunsa sun faɗa. Bai zauna ba. A tsaye ya faɗi komai, hula a hannu, bai rage ba, bai yi wa kansa uzuri ba. Tsohon ya saurara.

Ya ce, "Ya daɗe a kwance?"

"Ya daɗe."

"Da ransa suka fara?"

"Da ransa."

Ana jin ƙarar cokula daga ɗakin cin abinci. Orval ya so a zage shi, ya so a jefe shi da kofin da ke kan tebur. Lyman bai ɗaga murya ba, ba shi ma da muryar ɗagawa.

Ya ce, "Da ka ce mini ba za ka iya ba. Ba abin kunya ba ne. Da na kira wani, Orval."

Sa'an nan ya kira mai jinya ya ce ta juya masa keken ya fuskanci taga. Orval ya tsaya yana kallon ƙeyarsa har ya tabbata babu sauran magana, ya sa hularsa ya fita.

Lyman Cargile ya rasu da farkon bazara, lokacin haihuwar shanu. Makiyaya suka zo daga jihohi da yawa a kan dawaki da motoci, aka sa waƙoƙinsa a coci, manyan maza suna share ido da bayan hannu. Bisa al'ada aka ɗaura wa wani doki sirdin mamacin, aka juya takalman Lyman baya a cikin likkafa, domin a ja shi babu mahayi a bayan akwatin. 'Yar marigayin, wadda ba ta san abin da ya gudana ba, ta zo wurin Orval ta miƙa masa linzamin. Ta ce, "Kawu Orval, kai ka fi kowa cancanta. Kai ya ba Amos."

Orval ya dubi linzamin, ya sa hannuwansa a aljihu. Ya ce, "Bayana ba zai kai maƙabarta ba, 'yata. Ki ba wani."

Ta ba wani. Shi kuwa ya bi jama'a daga can baya, a ƙasa, a sunkuye, har bakin kabari.