Ranar da Inna ta ɓoye wa Amurka shanu

Autanmu ne ya jawo mana wannan abin, shi da tsoronsa. Ya daɗe a Amurka yana aikin jinya, har ya zama ɗan ƙasa. Wata Lahadi ya kira ni, ni babbar yayarsa. Wai mai shirya masa harajin shekara ya tambaye shi ko yana da dukiya a ƙasar waje, ya ce babu, sai da ya koma masauki ya tuna da shanunsa.

Shanun nan, ranar sunansa kakarmu ta ba shi karsana, aka bar ta kiwo a hannun Kawu, ƙanen Inna, a ƙauyensu da ke Nijar ta wajen Ɗan Isa, tsallaken iyaka daga garinmu Jibiya. Karsana ta haihu, 'ya'yanta suka haihu, har abu ya zama ɗan garke. Kawu na shan nono, Auta na da suna.

"Yaya, mutanen nan ba sa wasa," in ji shi. "Duk ƙasar da kake sai harajinsu ya bi ka. A sayar, ko a bar wa Kawu. Ni dai a cire ni a ciki."

Na ce, "Kai dalla can! Shanun da ko kalarsu ba ka sani ba za su hana ka barci?"

Na manta wayar a buɗe take. Inna na gefe tana tankaɗe, kunnenta kuwa ya fi na kowa a gidan. Ta ajiye rariya ta ce, "Mi ya ce? Haraji bisa shanu? Ai wanga jangali ne! Ashe bai mutu ba, Amurka ya koma!"

Na yi dariya har da buga cinya, ita ko gezau. Ta ce tana yarinya, da an ji masu jangali sun doso, ubansu kan kora shanu su tsallaka ɗaya ɓangaren iyaka, sai ƙura ta lafa a dawo da su. Tunda na ƙasar waje Amurka ke nema, to a kawo su gida Najeriya, magana ta ƙare. Da na ce mu bari Auta ya ƙara tambaya, sai ta dube ni ta faɗi abin da ke cinta. Yaron nan ba shi da mata a nan, ba shi da ɗaki, gonar ubansa ma an raba an ba shi kuɗi. Shanun nan ne kaɗai abin da ya rage masa a ƙasa. In ya sake su, ta ce, ya sake mu. Daga nan ban ƙara musu ba, gaskiya ma sai abin ya fara yi mini daɗi.

Ranar da aka sa, muka hau mota zuwa Magama, bakin iyaka, Inna ta ci ado da atamfar biki kamar mai tarbar alhazai. Kawu zai biyo burtali da shanun, mu jira shi a ƙarƙashin wata bishiyar bedi kusa da shingen iyaka. Na roƙi Inna ta yi shiru da bakinta. Ina! Ko zama ba mu gama yi ba ta gaya wa mai shayi, a asirce wai. Mai shayi ya gaya wa direbobin Maraɗi, su kuma suka gaya wa 'yan dako. Kafin azahar duk tashar ta san Amurka na farautar shanun wata tsohuwa.

Wayyo, ranar na sha dariya! Wani direba ya rantse jirgin sama za su turo ya ɗauki hoton garken. Wani ɗan dako ya ce a shafa musu toka su canja kama. Wani tsohon ɗan canji ya gyara hula ya ce shi dai a saninsa saniyar da ta kwana a Nijar Faransa ce ke da magana a kanta, Amurka ta bi layi. Har wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya tako ya gaishe ta, ya ce, "Hajiya, in sun zo ta nan za su bi, ni kuma ban ga komai ba." Inna ta sa masa albarka da gaske, ta ba shi goro.

Can sai ga Kawu, zufa sharkaf, sanda a kafaɗa, yana faɗa tun daga nesa. Shi bai so tafiyar ba ko kaɗan, don kowa ya san ɓarayin shanu sun fi yawa ta ɓangarenmu. Amma wa ya isa ya ce wa yayarsa a'a? Shanu suka tsallako, farare tas, sai wata ja mai karyayyen ƙaho a gaba. 'Yan dako suka sa ihu da tafi, ni kuma na rangaɗa guɗa, ni da nake malamar makaranta, ɗalibaina na iya gani. Inna ta miƙe tana taka rawa a hankali, tana cewa a kira mata Auta.

Na kira shi ta bidiyo. Lokacin gari ya waye a wajensu, yana shirin fita aiki. Na juya wayar ya ga garken, ya ga Kawu, ya ga taron da bai san da shi ba.

"Auta, kwantar da hankalinka," in ji Inna. "Na fisshe ka. Ga su nan gida, ba ka da komi a ƙasar waje."

Ya fashe da dariya har wayar na girgiza. Ya ce ai ya sake tambaya, mai shirya harajin ya ce asusun banki da ribar ciniki suke nufi, shanun da ke kiwo ba ruwansu sai in an sayar. Taro ya ɗauki sowa. Sai ya ƙara, yana share hawayen dariya, "Kuma Inna, ko da suna nema, ai wahalar banza kuka sha. A wurinsu Jibiya ma ƙasar waje ce."

Na so in shiga wayar in make bakinsa. Inna ta daina rawa. Ta karɓi wayar daga hannuna, ta matso da ita dab da fuskarta.

"Jibiyar?"

"Eh, Inna. Duk inda ba can ba."

"Gidan da na haife ka?"

Sai a nan ya gane. Dariyar ta ɗauke, ya yi ta kiran Inna, Inna, yana cewa kada a sayar, nasa ne, a bar masa abinsa, zai zo ya gan su. Ta ce to, Allah ya yi albarka, ta miƙo mini wayar. Ta juya wajen Kawu ta ce, "Maida su. Tunda ko'ina waje ne, gara inda ciyawa take."

Kawu ya kaɗa su suka juya. A mota, har muka wuce gonakin Magama, tausayin Inna ya cika ni, haushin Auta ya cika ni. Mun kusa shiga gari ta taɓa gwiwata, ta yi ƙasa da murya don kada direba ya ji.

"Ke da kika yi boko. In ya tashi aiki ya ce zai tafi gida, ina yake nufi?"